Malami Ko Ɗan Talla?

A shekarar 1987 aka fara taron da yau ake kira NeurIPS a birnin Denver na Amurka, taron da masanan koya wa kwamfuta ɗaukar darasi daga bayanai suke haɗuwa a cikinsa kowace shekara. Kafin a shiga baje kolin sababbin bincike, akan keɓe lokacin karantarwa, gwani ya shafe kamar awa biyu yana warware fanni guda tun daga tushe.

Ba a samun wannan dama haka kawai. Sai mai nema ya rubuta wa kwamiti takarda, ya bayyana abin da zai koyar, da waɗanda za su amfana, da shaidar ƙwarewarsa. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne kada ya mai da darasin tallar aikinsa.

Dalili kuwa a fili yake. Ɗalibin da ya sha wahalar biza da kuɗin jirgi ya zo ne don ya san fannin baki ɗaya, har da inda masana suka saɓa. In malami ya ɓoye aikin abokan hamayyarsa, ɗalibi zai koma gida da rabin gaskiya, ya ɗora bincikensa a kai. Karantarwa amana ce. Allah Ya ba malamai ikon riƙe ta.