Wasa Ƙwaƙwalwa A Tsakar Gida: Kowace Kalma Ta Nemi Danginta

 A wannan watan za mu duba wani wasan kalmomi ne wanda ba ya cin ko sisin kwabo, amma yana gyara wa yaro harshe, yana kuma koya masa natsuwa.

A shekarar 2023 jaridar New York Times ta ƙasar Amurka ta fito da wani wasa mai suna Connections, wanda ake sabuntawa kullum. Akan jera kalmomi 16 a cakuɗe, sai a ce mutum ya raba su gida huɗu, kowane gida da kalmomi huɗu masu dangantaka da juna. Wanda ya yi kuskure sau huɗu ya faɗi, sai kuma gobe. To amma wasan da Turanci yake, kuma sau da yawa yakan ɗauko abubuwan can ƙasarsu waɗanda yaron Tudun Wada a Gusau bai taɓa jin labarinsu ba. Ga shi sai da waya da intanet, mu kuwa a Zamfara ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya na tsawon makonni, makarantu kuma suna rufe, yara suka rasa abin yi. Saboda haka gara mu ƙera namu da Hausa, a kan takarda ko allo.

Dama irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bayan tuwon dare kakanninmu kan tara jikoki a yi kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. Yau talabijin da waya sun cinye wannan lokaci, har za ki tarar da yaro ɗan aji shida bai san bambancin gero da maiwa ba, yarinya ta isa ɗora tukunya amma ba ta iya kiran sunan kayan miya biyar a jere. Yaron da kalmominsa suka yi ƙaranci kuwa, bayaninsa ma yakan gajarta, ko a gida ko a makaranta.

Ga misali, ki gwada kafin ki duba amsa:

daddawa, hoda, dariya, goro
kuka, lalle, tattasai, ƙasa
kwalli, hamma, toka, kuɓewa
turare, barkono, atishawa, jambaki

Abu na farko, kada ki yi garaje. Ido zai fara kai ki kan kayan miya, domin su ne sana'armu ta kullum. Amma ki ƙirga: daddawa, tattasai, kuɓewa, barkono, kuka, ga kuma toka da wasu ke sa ruwanta a miya maimakon kanwa. Sun zama shida, gida kuwa huɗu yake ɗauka. Duk inda kika ga sun wuce huɗu, to akwai tarko, sai ki ajiye wannan gidan tukuna.

Na biyu, ki nemi gidan da bai cika ba. Dariya, hamma da atishawa abubuwa ne da jariri ke yi, amma uku ne. Wace ce ta huɗu? Kuka! Ashe ba ta miya ake nufi ba, ta hawaye ce. Gida ɗaya ya fita ke nan.

Na uku, ki lura da kalmomin da suka zama marayu. Kayan kwalliya sun zama biyar: lalle, kwalli, turare, jambaki da hoda. Goro da ƙasa kuwa ba su shiga ko'ina ba. A nan sai ki gwada sa wata kalma a gabansu. Ruwan goro, ruwan ƙasa: launuka ne da muke faɗa wa mai atamfa a kasuwa. Nan take toka za ta fice daga miya, hoda ta fice daga kwalliya, a samu ruwan toka da ruwan hoda. Sauran gidajen biyu kuma sun warware da kansu.

Kin ga darasin da ke ciki. Yaro zai koyi cewa amsar da ta fara zuwa masa ba lallai ita ce daidai ba, sai ya ƙirga, ya gwada, ya yi haƙuri. Zai kuma gane cewa kalma ɗaya a Hausa takan ɗauki ma'ana biyu, wani lokaci karin sauti ko jan wasali ne kawai ke raba su, kamar fari na launi da fari na rashin ruwan sama.

Wajen shirya naki, ki fara da gida uku ga ƙananan yara, ki sa tarko ɗaya kawai. Ki ɗauko kalmomin daga abin da suke gani: kayan da ake saya a kasuwar Tsafe, amfanin gonar da ake kawowa daga Bungudu, unguwannin Gusau irin su Samaru da Sabon Gari, ko ƙananan hukumomi 14 na jihar. Idan akwai kaka a gidan, ki roƙe ta ta ba da kalmomin Zamfarci da suka fara ɓacewa daga bakin yara. Wanda ya faɗi kada a yi masa dariya ko gori, a ce ya ba da gari kamar yadda aka saba, gobe kuma shi zai shirya wa saura. Minti 15 bayan cin abincin dare sun isa, amma a riƙa yi kullum, domin da yayyafi kogi kan cika.

Ga na wannan watan, ku zauna da yara ku warware:

gashi, Tsafe, dawa, kunne
suya, wuya, Anka, gero
masara, tuƙi, ciki, Gummi
Bungudu, hanci, dahuwa, maiwa

Ɗan haske: akwai gidan da za ku ga ya zama biyar, ku tambayi mai tsire ya raba muku gardama. Amsa tana nan tafe a fitowa ta gaba, kuma duk wadda ta shirya nata mai daɗi ta aiko mana, za mu buga shi a wannan fili. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaishe mana da yara.