Kafin mu zagi mai taya, mu leƙa ƙafar motar



Duk wanda ya taɓa zama a wajen mai faci ko majalisar direbobi a garin nan ya san hirar: taya ta yi tsada, kuma ba ta ƙarko. An ɗaura ta bayan ƙaramar sallah, kafin layya ta suɗe. Sai a ce jabu ce, ko a ɗora wa hanya laifi. Ba mu musa ba, akwai jabu a kasuwa, ramukan da ke tsakanin Mubi da Hong zuwa Gombi kuma babu direban da zai ce bai san su ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Amma mu dai a namu ganin, yawancin tayoyin da ke mutuwa da wuri a Mubi ƙafar mota ce ke cinye su, mu kuma muna ta sayen sabuwa muna miƙa mata.

Abin da bakanike ke kira alaimen shi ne saita ƙafafun mota su fuskanci gaba sak, su kuma zauna daidai a kan titi. Duka ɗaya a rami mai zurfi ya isa ya goce wannan saiti. Idan ƙafa ta karkace da digiri ɗaya kacal, abin da ido ba zai gane ba, to a kowace kilomita ana jan tayar a kaikaice kimanin mita 17. Daga nan zuwa Yola kusan kilomita 200 ne. Ke nan a tafiya ɗaya tamkar an kankare tayar a kan kwalta fiye da kilomita 3. Direban haya da ke zuwa ya dawo kullum, ya lissafa na wata guda. Ga kuma man da motar ke ƙara sha saboda wannan turjiyar, a lokacin da kowa ya san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a watan Mayun 2023.

Ita tayar da kanta tana faɗin ciwonta, mu ne ba ma karantawa. In gefe ɗaya kawai ya cinye, ciki ko waje, saitin ƙafa ne. In gefe biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. In tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa, kuma wannan ɗabi'armu ce: a ce wa yaron mai faci ya ƙara ta yi tauri saboda lodi, alhali kamfanin motar ya rubuta adadin iskar a jikin ƙofar direba. In ka shafa ka ji tudu da kwari, a duba shokazoba da balansin. Motar da ke janye ka gefe idan ka sassauta riƙo, ko sitiyarin da ke zaune a karkace kana kan miƙaƙƙiyar hanya, duk saƙo ɗaya suke ba ka.

Akwai inda muke asarar kuɗi sau biyu. Mutum ya je a yi masa alaimen alhali tayarod ya saki, bushin ya mutu. Za a saita, ya biya, kafin ya kai mahaɗar Mararraba saitin ya koma inda ya fito, sai ya ce alaimen yaudara ce. Bakanike mai amana zai ɗaga motar ya girgiza ƙafar tukuna, ya ce a canza abin da ya lalace kafin a saita. Wanda ya karɓi kuɗinka bai girgiza ƙafa ba, kada ka koma wurinsa.

Da a aljihu abin ya tsaya, da ba mu yi wannan rubutu ba. Cin gefen ciki ya fi kowanne haɗari, domin ba a ganinsa. Ka tsaya a gefen mota ka ga zanen taya raɗau, alhali daga ciki waya ta fito. Irin wannan ce ke fashewa da rana tsaka a watan Afrilu, kwalta ta ɗau zafi, mota cike da fasinja da buhuna, ana gudu. A cikinta akwai ɗalibanmu na Poli da na jami'ar jiha, da iyayenmu mata masu zuwa asibiti Yola, da 'yan kasuwar da suka taso daga cin kasuwar shanu. Wasu direbobin, Allah ya shirye mu, idan sun ga gefe ya cinye sai su sa mai faci ya juya tayar a kan rim, cinyayyen gefen ya ɓuya. Wasu ma sassaƙa sabon zane ake yi musu a jikin tsohuwar taya. An ɓoye wa jami'an Road Safety, amma kwalta ba ta karɓar wannan dabara.

Mun san uzurin: kuɗin balas na mai mota, kuɗin tasha, kuɗin mai, me ya rage? Gaskiya ne. Sai dai kuɗin saita ƙafa bai kai na taya ɗaya ba, ko da 'yar Beljiyam ce, kuma shi ke sa biyun gaba su daɗe. Masu motocin da ke karɓar balas kowace yamma su ma su sani wannan gyara a wuyansu yake, bai kamata a bar wa direba shi kaɗai ba.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Mubi ƙarami ne. Kafin a fara lodin motar Yola, ko Michika, ko Maiha, a sa direba ya murɗa sitiyari har ƙarshe, wani ya durƙusa ya duba gefen cikin tayoyin gaba, ya kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe a layin da aka rubuta DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Duka bai wuce minti biyu ba. Motar da waya ta leƙo a tayarta a cire ta daga layi sai ta gyara. Mu fasinjoji kuma, idan aka tsaya wannan dubawar, mu daina yi wa ɗan kamasho tsawa cewa ana ɓata mana lokaci.