Korona da 'Ya'yanmu

'Yan'uwa manoma na Rawayau, cutar korona da ta shigo Nijeriya a 2020 ba ta cika kwantar da yara ba. Yawancinsu zazzaɓi da tari suka yi na 'yan kwanaki, wasu ma ba su nuna alama ba. Ta wata hanya ta cuce su. An rufe makarantu a watan Maris, wasu yaran ba su koma aji ba, allurar ƙyanda kuma ta wuce jarirai da yawa.

A ganinmu, wannan bashi ne a wuyanmu. Kowace ƙungiya ta bi gida gida ta duba katin rigakafi. Yaron da allura ta wuce, a kai shi asibitin Kurfi ko Dutsin-Ma. Wanda ya bar karatu, a mai da shi. Rigakafi ya fi magani.