Zauren Iyali: Daga Maraɗi zuwa Damagaram a kan keke

Wata baiwar Allah ta aiko mana da wasiƙa cikin damuwa. Ɗanta da abokansa tara sun ƙulla niyyar hawa kekuna daga Maraɗi zuwa Damagaram a hutun ƙarshen Disamba. Mahaifinsa ya yi shiru, ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Tana tambaya: ta hana shi ko ta bar shi?

Hajiya, shawarata ita ce kada ki hana, amma ki gindaya sharuɗɗa. Yaron da aka hana abu irin wannan yakan yi shi a ɓoye, ba shiri, ba guzuri.

Hanyar dai sananniya ce, babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 240, ta ratsa Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. A mota tafiyar ƴan sa'o'i ce. A kan keke mai nauyi irin namu, wanda ba ya da giya, ga kaya a baya, ayari ba ya wuce kilomita 15 a sa'a idan an yi adalci. Ke nan sa'a 16 ana tuƙi, ban da hutu da salla da faci. Su raba ta kwana uku. Wanda ya ce miki kwana ɗaya ya isa, bakinsa ne ya yi tafiyar.

Akwai abin da samari ba su cika lissafawa ba, shi ne iska. A hunturu daga gabas maso arewa take busowa, mai zuwa Damagaram kuwa gabas ya nufa, saboda haka da ita zai yi ta kokawa tun daga hantsi. Da ni ne, sai a ɗora kekunan a mota zuwa Damagaram, a tuƙo su zuwa gida iska na turawa. In sun ƙi, to su tashi da zarar an sallame Asuba gari ya yi haske, kafin ta ƙarfafa.

Sharaɗi na farko shi ne horo. Mako shida aƙalla, su riƙa fita tare, yau kilomita 20, mako mai zuwa 30, har su kai 70 a yini guda, kuma su iya maimaitawa washegari. Wannan maimaitawar ita ce jarrabawa, domin ciwon cinya da na mazauni a rana ta biyu suke bayyana. Sirdi a ɗaga shi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan idan feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kashe gwiwa. A kai kowane keke wurin mai gyara mako guda kafin tafiya, ba daren tafiya ba, ya duba birki da sarƙa da tayoyi. A riƙe famfo biyu da kayan faci da robar ciki ta ajiya, don tsidau na nan a gefen kwalta yana jira. Doguwar riga kuma a naɗe ta cikin jaka sai an sauka, sarƙa ba ta san ado ba.

Ruwa shi ne rai a wannan tafiya, kuma sanyin hunturu yana yaudara: gumi na bushewa nan take, mutum bai san yana tsiyaya ba. Kowa ya sha kamar rabin lita a kowace sa'a, ko bai ji ƙishi ba. Ki haɗa musu sukari da gishiri a ƙulle-ƙulle: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, ga wanda ya galabaita. Dabino da ƙuli-ƙuli da fura sun fi kilishi, shi ƙishi yake ƙarawa. Wanda ya fara jiri ko magana ba kan gado, a sauke shi a inuwa, a jiƙa jikinsa, a nemi likita mafi kusa ba tare da jayayya ba.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙishi ba ne, gasa ce. Ina saurayi mun taɓa yin irin wannan tafiya mu bakwai. Masu ƙarfi suka yi gaba, ƙaraminmu tayarsa ta sace a baya, ba wanda ya waiwaya. Famfon yana wurina. Sai bayan Magariba muka same shi yana tura keke cikin duhu, manyan motoci na wucewa daf da kafaɗarsa. Har yau in na tuna fuskarsa sai kunya ta rufe ni. Don haka su naɗa shugaba tun daga gida, kamar yadda sunna ta koyar ga matafiya, kuma ya kasance babba mai hankali, ba wanda ya fi kowa gudu ba. Mafi rauni a sa shi kusa da gaba, ayari ya bi takunsa. Mafi ƙarfi ya tsaya a ƙarshe, famfo da kayan faci a hannunsa. Layi ɗaya a gefen dama, kuma kafin rana ta faɗi kowa ya sauka daga kwalta.

Salla ba ta da wuya a kansu. Nisan ya zarce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, kusan kilomita 80, saboda haka za su yi ƙasaru, Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, daga inda gidajen gari suka ƙare. In sun yi niyyar zaman kwana huɗu a Damagaram, sai su cika.

Saura masauki. A san gidan da za su kwana a kowane zango tun kafin su tashi, a yi magana da mai gidan, kowa kuma ya riƙe takardar shaidarsa saboda shingen jandarma. Ke kuma, Hajiya, ki karɓi lambar wayar shugaban ayarin, ki sa masa sharaɗin ya kira ki kullum bayan Magariba ya faɗa miki sun kai su goma cif. Sa'an nan ki sa wa yaron albarka a gaban mahaifinsa.