Rumbun Taimako a Unguwar Kilomita Biyar

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan unguwarmu, Kilomita Biyar, a birnin Bangui.

Da cutar korona ta shigo ƙasarmu, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a Maris 2020, yunwa ta fi ciwon firgita mu. Yawancin kayan kasuwarmu daga Duwala ta Kamaru ake kawo su a mota, da aka tsananta bincike a iyaka sai farashi ya hau, ga azumi ya kama. Ina cikin matasan da suka bi shaguna suna tara shinkafa, garin rogo, mai da sabulu, muna kai wa zawarawa da tsofaffi gida-gida don kada a yi cunkoso. Har maƙwabtanmu Kirista mun kai wa, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda ya ga rikicin da aka yi tsakanin Musulmi da Kirista a 2014.

Damuwata ita ce, cutar na lafawa kowa ya watse. Babu rumbu, babu ko littafin sunayen mabuƙata.

Ina kira ga limamanmu da 'yan kasuwa su ware wani kaso na zakka a kafa rumbu na dindindin. Ku kuma, Malam Edita, ku turo wakili ya ga halin da muke ciki.

Naku,
Mai karatu daga Bangui