Ƙarfen dogo ba shi ne dukiyar ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce

Yau maganar layin dogo muka kawo, kuma mun san akwai waɗanda ba za ta yi wa daɗi ba.

Kowa ya tuna watan Afrilun 2014, da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, shugabannin Benin da Togo suna wurin. A watan Janairun 2016 aka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso, kilomita 143, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Nufin shi ne ya zarce Gaya ya haɗe da Paraku, inda dogon Kwatano ya tsaya. Haɗewar ba ta yiwu ba, kuma jirgin bai taɓa zama abin da talaka ke yankar tikiti ya hau ba. Shi ya sa a fada da tashar mota za ka ji ana cewa: a kwashe ƙarfen a sayar wa ƴan gwangwan, a yanka wurin fegi-fegi, kowa ya huta. Mu dai mun ce a'a. A tumɓuke ƙarfe ko a bar shi, wannan lissafin masana ne. Amma zirin ƙasar da ya miƙe daga Yamai har Doso ba tare da katanga ko ɗaya ta tare shi ba, shi ne abin da in ya tafi ba ya dawowa.

Bari mu kai ku wani ƙaramin gari, Cluny, a yankin Bourgogne na Faransa, mai mutane wajen 5,000. Mun san wani zai ce: Faransa kuma? E, ita. Ilimi ba shi da fasfo. Can ma jirgi ya daina bin tsohon layinsu. Maimakon a raba shi, hukumar yankin ta riƙe shi, ta shimfiɗa masa kwalta, a 1997 aka buɗe kilomita 44 daga Givry zuwa Cluny, na masu keke da masu tafiya a ƙasa kaɗai. Da yake jirgi ba ya son hawa da gangara, hanyar ta zo a shimfiɗe, tsoho da yaro duk suna iyawa.

Me ake gani a kanta? A Cormatin akwai fadar wani basarake ta farkon ƙarni na 17, ruwa kewaye da ita kamar ganuwa. Kusa da nan ƙauyen Taizé yake, inda matasa Kiristoci daga ƙasashe da dama ke taruwa. Wasu tsofaffin tashoshin sun koma wurin hutawa da hayar keke. Kudu da Cluny hanyar ta ratsa ramin dutse na Bois Clair, kilomita 1.6, wanda ake rufewa lokacin sanyi don jemagun da ke kwance ciki. Ku ji fa, jemage ma an ba shi haƙƙinsa.

Amma babban darasin yana cikin garin Cluny kansa. A shekarar 910 aka kafa gidan ibadarsa, cocinsa kuwa ya yi ƙarnoni babu wanda ya kai shi girma a Turai. Bayan juyin juya halin 1789 aka sayar da ginin, masu saye suka riƙa farfasa shi suna sayar da duwatsu. Yau guntun da ya tsira ne baƙi ke biyan kuɗi su kalla. Gari ɗaya, shawara biyu: kakanni sun sayar da gado a kan kuɗin dutse, jikoki suka ƙi sayar da layin dogo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Za a ce mana: mu jirgi muke so, ba hanyar yawon shan iska ba. Mu ma jirgin muke so. To amma a ina zai bi in an gine hanyarsa? A Amurka tun 1983 doka ta ba da damar a mayar da layin da aka daina amfani da shi hanyar jama'a na wucin gadi, da sharaɗin duk ranar da ake son jirgi a maido shi. Hanyar da ƙafa ke takawa kullum tana tsare kanta. Wadda aka bari kango kuwa, yau rumfar kwano, gobe bulo, jibi takardar fegi da hatimi. Ranar da kuɗin jirgi suka samu, sai ƙasa ta sake biyan diyya a kan abin da dama nata ne.

Za a ce keke na Nasara ne mai hutu. Wallahi ku leƙa RN1 da safe. Ƴan lakwal, mata da tallar nono, mai amalanken jaki, duk suna raba kwalta da manyan motocin da ke tasowa daga Gaya. A wurinmu hanyar da babu mota ba ado ba ce, rai ce. A dasa dogon yaro gefe da gefe, a kafa famfo nan da can, an gama rabin aiki.

Kuma wa ya ce ba mu da abin nunawa? A yankin Kure raƙuman dawa na ƙarshe irin na Afirka ta Yamma suke. A 1996 kimanin 50 suka rage, yanzu sun haura 600. Ga Dallol Boso da Birnin Gawure, ga fadar Zarmakoy a Doso. Ba mu manta da harin watan Agustan 2020 a Kure ba, wanda ya ci rayuka takwas, kuma ba mu ce gobe baƙi za su cika wurin ba. Amma ɗan Yamai nawa ne ya taɓa ganin raƙumin dawa da idonsa? Don ƴaƴanmu muke magana, ba don baƙo ba.

Mutanen Maraɗi, kar ku ce wannan zancen ƴan yamma ne. Layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an aza tubalinsa a Fabrairun 2021, zai shigo ta Jibiya. Tun yanzu ya kamata a san iyakar filinsa, a san inda dabbobi da amalanke za su tsallaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu uku muke nema. A auna filin layin a kafa masa duwatsun iyaka. A liƙa taswirarsa a ofishin kowane magajin gari da ya ratsa, kowa ya gani. Sannan duk wanda ya sa hannu a kan fegi ɗaya cikinsa, a tambaye shi da sunansa. Ku kuma masu sauraro, ranar da kuka ga an fara zuba yashi da bulo a kan layin, kar ku wuce ku ce ba ruwanku. Ku tambayi mai unguwa wa ya ba da izini.