"Ongoing": kalmar da ake rufe mana baki da ita

1/ Akwai wata kalmar Turanci da ta ishe ni a bakin jami'an Najeriya: "ongoing". Ita da ƙannenta, "work in progress" da "until further notice". Ku gyara zama, zaren da ɗan tsayi.

2/ Ita kalmar a karan kanta ba ta da laifi. Akwai abubuwan da ba su da ranar gamawa: tarbiyyar yara, neman ilimi, kwashe sharar gari. Ba mai tambayar uwa yaushe za ta kammala tarbiyya.

3/ Amma titi fa? Titi yana da tsawonsa a kilomita, yana da kuɗinsa, yana da wa'adinsa a takardar kwangila. Jami'in da ya ce maka "ongoing" ya ja bakinsa, ya ɗauko kalmar abin da ba ya ƙarewa ne ya lulluɓe abin da tuni ya kamata a gama.

4/ Titin Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano: kilomita 375, an ba da kwangilar a ƙarshen 2017, wa'adin wata 36. Wa'adin ya cika, shekaru suka biyo baya, mutane na ta mutuwa a haɗurra inda aka matse motoci a hannu ɗaya. Amsar dai ita ce "ongoing".

5/ Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun 1979 ake abu ɗaya. Wutar Mambila a Taraba, megawat 3,050 a takarda, an amince da kwangilarta a 2017, ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba. Haba jama'a!

6/ Sai uwa uba, "investigation is ongoing". A sace mutane ko kuɗi su yi ɓatan dabo, a kafa kwamiti, a faɗi wannan jimlar, shi ke nan. Mu yi surutun kwana uku, wani sabon rikicin ya taso, mu koma can.

7/ Mu ma nan mun ɗanɗana. A Yunin 2021 aka dakatar da Twitter "indefinitely", sai Janairun 2022 aka buɗe. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wa ɗalibai wata 8. Bahaushe dai bai ɓoye ba, ya kira irin wannan "sai baba ta gani". Kana ji ka san ba rana.

8/ Ku gwada a zuci: minista ya tsaya a kasuwa ya ce da Hausa, "ana nan ana yi." Wallahi kafin ya rufe baki wata tsohuwa za ta ce, "To ɗan nan, yaushe za a gama?" Da Turanci kuwa sai mu gyaɗa kai, kamar an ba mu amsa.

9/ Wani zai ce ai babban aiki sai da lokaci, ga tsadar siminti, ga faɗuwar naira. Na yarda. To a fito a ce wa'adin farko ya kuɓuce, ga dalili, ga sabuwar rana. Telanka ma in ya ce ɗinkin sallarka "ongoing" ne ranar jajibere, ai ba tafi za ka yi masa ba.

10/ 'Yan jarida, don Allah ku daina fassara ta da "ana ci gaba da aiki" ku wuce. Ku tsare shi da tambaya.

11/ Ku kuma matasa, duk hadimin da ya sako hoton katafila da "ongoing", ku ajiye masa tambaya uku a ƙasa: Yaushe aka fara? Nawa aka biya zuwa yau? Wace rana za a gama? In ya yi shiru, ku sake tambaya gobe.

12/ Wane aiki ne ya tsufa yana "ongoing" a garinku? Ku rubuto sunansa da shekarar da aka fara.